Haƙƙin Mai Ɗaukar Aiki wajen Wajabta wa Ma'aikaci Allurar Riga-kafi: Nazari a Fiƙihun Ijara, da Misalai daga Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Annobar korona ta taso da wata tambaya da ba ta gushe ba bayan gushewar annobar: shin wanda ya ɗauki mutum aiki yana da ikon wajabta masa allurar riga-kafi, har ya hana shi shiga wurin aiki ko ya riƙe albashinsa idan ya ƙi? Wannan maƙala ta auna tambayar da ma'aunin babin ijara a mazhabar Malikiyya, da ƙudurin Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, da dokokin Nijeriya, tana ɗaukar misalanta daga Dutsin-Ma da Kurfi a Jihar Katsina. Abin da ta kai gare shi shi ne, ijara tana mallaka wa mai ɗaukar aiki amfanin aikin ma'aikaci, ba ta mallaka masa jikinsa. Yana da ikon sanya sharaɗi gwargwadon cutarwar da ake tsoro a wurin aikinsa, amma tilasta wa jama'a hurumin hukuma ne, kuma ladan aikin da aka riga aka yi ba ya faɗuwa saboda ƙin allura.

1.0 Gabatarwa

A watan Afrilun 2020, gwamnatin Jihar Katsina ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari ta rufe ƙaramar hukumar Dutsin-Ma bayan an sami mai ɗauke da cutar korona a cikinta, kamar yadda ta rufe Daura kafin nan. A ranar 2 ga Maris, 2021, kashin farko na allurar riga-kafin cutar ya sauka a Abuja. Da watan Oktoba na wannan shekara ya kama, sai Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, ya ba da sanarwar cewa daga ranar 1 ga Disamba, 2021, ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ba zai shiga ofis ba sai ya nuna shaidar riga-kafi, ko sakamakon gwajin da aka yi cikin sa'o'i 72 mai nuna ba ya ɗauke da cutar.

Wanda ya bi hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma zai tarar da masu ɗaukar aiki iri uku. Akwai Gwamnatin Tarayya, wadda ke da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011. Akwai gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, masu Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da asibitoci da makarantu. Akwai kuma masu zaman kansu: mai makarantar kuɗi, mai gidan burodi, mai kantin magani, da mai lambu a gefen madatsar ruwa ta Zobe da ke ɗaukar 'yan ƙodago. Sanarwar ta ambaci ma'aikatan na farko kaɗai, amma tambayar da ta haifar ta shafi dukkansu: idan gwamnati ta yi wa ma'aikatanta haka, shin kowane ubangida yana iya yi wa nasa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa daga kan korona a ranar 5 ga Mayu, 2023. Duk da haka mas'alar tana nan, domin sanƙarau da shawara da mashaƙo da ciwon hanta ba su bar ƙasar Hausa ba, kuma kowannensu yana da allurarsa. Ya kamata a san hukuncin tun ana zaune lafiya.

2.0 Hukuncin Riga-kafi a Kan Kansa

Halaccin riga-kafi ba ya buƙatar dogon bayani a wurin ma'abota ilimi. Manzon Allah (SAW) ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka da fita daga cikinta, kuma da wannan hadisi, wanda Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya ruwaito, Halifa Umar (RA) ya ƙarfafa shawararsa ta juyawa daga Sargu lokacin annobar Sham, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida (RA) cewa kauce wa annoba ma yana cikin ƙaddarar Allah. Imamu Malik ya kawo wannan labari a Muwaɗɗa. Ya tabbata kuma a Buhari da Muslim cewa an hana haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, kuma an kwaɗaitar da cin dabinon ajwa da safe don kariya daga guba. Da wannan hadisi na ƙarshe Shaihu Abdul'aziz ɗan Baz ya kafa hujja a kan halaccin shan magani kafin saukar cuta. Malaman Daular Usmaniyya ma ba su raba gyaran addini da kula da jiki ba, kamar yadda sunan littafin Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo, Masalihul Insan, da rubuce-rubucen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a kan magani suke nunawa. Bahaushe ya taƙaita wannan duka da cewa riga-kafi ya fi magani.

To amma halaccin abu daban, ikon wajabta shi a kan wani daban. A nan ne mas'alar take.

3.0 Izinin Mutum a kan Jikinsa

Asali a wurin Malikiyya shi ne neman magani halal ne, ba wajibi ba. Daga cikin hujjojin wannan akwai labarin matar nan mai farfaɗiya wadda Annabi (SAW) ya ba ta zaɓi tsakanin ya roƙa mata waraka ko ta yi haƙuri ta sami Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Hujja mafi kusa da abin da ake magana a kai ita ce hadisin Nana A'isha (RA) a Buhari da Muslim. A rashin lafiyarsa ta ƙarshe, iyalan Annabi (SAW) sun ɗura masa magani ta gefen baki, alhali yana yi musu ishara da kada su yi, suna zaton ƙin magani ne irin na kowane majinyaci. Da ya farfaɗo sai ya yi umarni a ɗura wa duk wanda ya halarta irin wannan magani, in ban da Abbas (RA), domin bai halarta ba. Waɗanda suka aikata wannan iyalansa ne masu ƙaunarsa, manufarsu kuma alheri ce tsantsa, amma hakan bai maye gurbin izininsa ba.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na bakwai da aka yi a Jidda a shekarar 1412 bayan Hijira, daidai da Mayun 1992, ta fitar da ƙuduri mai lamba 67 a kan jinya. Ƙudurin ya tabbatar da abubuwa uku da suka shafi wannan bahasi. Na ɗaya, ana sharɗanta izinin majinyaci idan baligi ne mai hankali. Na biyu, neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko asarar gaɓa, ko idan cutar mai yaɗuwa ce zuwa ga wasu. Na uku, shugaba yana da ikon wajabta magani a wasu halaye, aka kuma ba da misali da cututtuka masu yaɗuwa da alluran riga-kafi. Abin lura a nan shi ne wanda aka jingina wa ikon: shugaban jama'a, wato hukuma. Ba a ambaci ubangida ba, ba a ambaci mai kamfani ba.

4.0 Abin da Ijara Take Mallakarwa

Malaman fiƙihu sun fassara ijara da cinikin amfani a kan lada sananne. Sun raba ma'aikaci gida biyu. Akwai ma'aikaci keɓantacce, wanda ya sayar da lokacinsa ga mutum ɗaya, kamar malamin makaranta ko mai gadi ko akawun ofis. Akwai ma'aikaci na tarayya, wanda yake karɓar aiki daga kowa, kamar tela da maƙeri. Magana a nan a kan na farko take. Abin da mai ɗaukar aiki ya saya daga gare shi shi ne amfanin aikinsa a lokacin da aka ambata. Jikin ɗa mai 'yanci ba ya shiga ciniki, kuma amana ce ta Allah a hannun mai shi. Don haka babu wata yarjejeniyar aiki da ke ba ubangida ikon sa a riƙe ma'aikaci a yi masa allura. Wannan ba wurin saɓani ba ne.

Sai dai malamai ba su ce halin jikin ma'aikaci bai shafi mai ɗaukarsa ba ko kaɗan. A babin ijara na Muhtasar, Shaihu Halilu ya kawo mas'alar macen da aka ɗauka da lada don ta shayar da jaririn wasu. Ya bayyana cewa iyayen jaririn suna da ikon warware yarjejeniyar idan ta sami ciki, saboda tsoron kada nonon ya cutar da ɗansu, kuma mijinta da ya yarda da wannan ijara ana hana shi kusantarta a tsawon lokacin. Wannan hukunci ya shiga cikin abu mafi keɓantuwa a rayuwar ma'aikaciya, kuma abin da ya halatta shi shi ne cewa jikinta shi ne kayan aikin, wanda ake yi wa aikin kuma rarrauna ne da ba zai iya kare kansa ba. Haka nan Halilu ya ba mai ɗaukar aiki zaɓin warwarewa idan ta bayyana cewa wanda ya ɗauka ɓarawo ne. Abin da ake fahimta daga misalan biyu shi ne, hali ko siffar ma'aikaci tana shiga lissafi idan tana taɓa ainihin amfanin da aka ƙulla yarjejeniya dominsa. A mas'alar cikin mai shayarwa kuwa, ikon da aka ba iyayen shi ne su warware, ba a ba su iko a kan jikinta ba.

4.1 Sharaɗin da Aka Sanya Kafin Ƙulla Aiki

Idan mai asibiti mai zaman kansa a Dutsin-Ma ya ce ba zai ɗauki ma'aikacin ɗakin gwajin jini ba sai wanda ya yi riga-kafin ciwon hanta, wannan sharaɗi ne ingantacce. Bai saɓa wa manufar yarjejeniyar ba, bai halatta haram ba, bai haramta halal ba, kuma akwai maslaha bayyananniya a cikinsa ga ma'aikacin da ga majinyata. Alƙur'ani ya yi umarni da cika alkawura a farkon Suratul Ma'ida, hadisi kuma ya tabbatar da cewa Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla matuƙar ba su ci karo da shari'a ba. Mai neman aikin yana da zaɓi: ya karɓa ko ya bari. Idan ya karɓa, cikawa ta zama wajibi a kansa, kuma kawo katin shaida na jabu ha'inci ne da shaidar zur, ladan da ya ci da shi akwai shubuha a cikinsa.

Mutanen wannan yanki sun saba da irin wannan sharaɗi ta wata ƙofa. Duk maniyyacin da ya biya kuɗin kujera daga Kurfi ko Dutsin-Ma ya san cewa hukumomin Saudiyya ba sa barin alhajin Nijeriya ya shiga sai da shaidar riga-kafin sanƙarau da shawara. Ba a riƙe kowa an yi masa allura da ƙarfi, amma ƙofar ba ta buɗewa sai da ita, kuma malamai sun karɓi wannan a ibadar da take rukuni ce ta Musulunci.

4.2 Sharaɗin da Ya Zo Bayan An Ƙulla

Mas'alar tana yin nauyi idan ma'aikaci ya shekara goma yana aiki, sannan a wayi gari a manna takarda a ƙofa cewa wanda bai yi allura ba kada ya shigo. Ijara yarjejeniya ce mai ɗaure ɓangarorin biyu. Ibnu Rushdi ya bayyana a Bidayatul Mujtahid cewa Malik da Shafi'i ba sa ganin warware ta sai da abin da ke warware sauran yarjejeniyoyi masu ɗaurewa, wato aibi ko gushewar abin da ake samun amfanin daga gare shi, yayin da Abu Hanifa ya halatta warwarewa saboda uzurin da ya bijiro. A bisa mazhabar Malik ke nan, ɓangare ɗaya ba ya ƙara sharaɗi shi kaɗai sannan ya hukunta ɗayan a kan rashin cika shi.

Abu biyu ne ke iya canza wannan. Na farko, hukuma ta kafa doka da ta hau kan mai ɗaukar aiki da ma'aikaci baki ɗaya. A nan ubangidan mai zartarwa ne kurum, kuma samun amfanin aikin ba tare da allurar ba ya zama abin da aka hana. Na biyu, masana lafiya amintattu su tabbatar cewa kasancewar wanda bai yi riga-kafi ba a wannan wuri na musamman cutarwa ce mai rinjaye ga wasu. A nan ƙa'idar gusar da cutarwa take aiki, wadda asalinta hadisi ne da Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Idan babu ɗaya daga cikin biyun nan, abin da ya rage wa ubangida shi ne nasiha da kwaɗaitarwa, ko ya jira wa'adin yarjejeniyar ya cika ya sabunta ta da sabon sharaɗi.

4.3 Shin Barazanar Kora Tilasci Ce?

Halilu, a babin saki, ya lissafa abubuwan da tsoronsu ke tabbatar da tilasci: kisa, duka, ɗauri, marin mai mutunci a bainar jama'a, kashe ɗan mutum, da ƙwace dukiyarsa, tare da kai-kawon malamai a kan ko sai dukiyar ta kasance mai yawa. Da wannan ma'auni ana iya bambance halaye uku. Ƙin ɗaukar mutum aiki tun farko ba tilasci ba ne, domin ba a karɓe masa abin da ya mallaka ba. Riƙe albashin watan da ya riga ya yi aiki har sai ya kawo katin allura tilasci ne ba bisa haƙƙi ba, domin wannan kuɗi ya riga ya zama dukiyarsa. Kuma Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi mai nuna cewa Allah da kansa zai yi husuma ranar ƙiyama da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Hana shiga wurin aiki a nan gaba kuwa yana tsakiya: idan ya ginu a kan doka ko cutarwa tabbatacciya, matsi ne bisa haƙƙi, idan kuma ya ginu a kan son rai ko kwaikwayon abin da aka ji ana yi a wani wuri, zalunci ne.

5.0 Hurumin Hukuma da Dokokin Nijeriya

Gwamnatin Tarayya, a sanarwarta ta 2021, tana riƙe da matsayi biyu lokaci guda: ita ce hukuma, ita ce kuma mai ɗaukar aiki. Ƙarfin umarninta a shari'ance daga matsayi na farko yake fitowa, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa abin da shugaba yake zartarwa a kan talakawansa a rataye yake da maslaharsu. Mai gidan burodi a Kurfi ba ya da matsayi na farko, saboda haka ba ya iya aron hujjar gwamnati ya ɗora a kan yaransa. Ya kamata kuma a lura cewa ita kanta gwamnatin ba ta rufe ƙofa ruf ba, ta bar zaɓin gwaji a madadin allura, ko da yake gwajin da sai an maimaita shi duk bayan kwana uku, a manyan ɗakunan gwaji, zaɓi ne mai wahala ga ƙaramin ma'aikaci da ke nesa da babban birni.

Dokokin Nijeriya sun zo kusa da wannan tsari. Sashe na 37 da na 38 na Tsarin Mulkin 1999 sun kare sirrin mutum da 'yancinsa na tunani da addini, kuma a kansu Kotun Ƙoli ta dogara a 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo da kotun ladabtar da likitoci, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mutum haƙƙinsa na ƙin karɓar jinya tare da bayyana masa abin da ƙin zai iya jawowa. Sashe na 45 na Tsarin Mulki ya yarda a taƙaita waɗannan haƙƙoƙi saboda lafiyar jama'a, amma ta hanyar doka. Ƙudurin dokar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa da aka gabatar a Majalisar Wakilai a 2020, wanda ya tayar da ƙura saboda batun wajabta riga-kafi, bai zama doka ba. Takardar da mai kamfani ya manna a bango kuwa babu mai kiranta doka.

A ɗaya ɓangaren, sashe na 17 na Tsarin Mulki ya sanya kare lafiyar ma'aikata cikin manufofin ƙasa, kuma mai ɗaukar aiki yana da nauyin samar da wurin aiki marar haɗari. Dokar Ƙodago ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku, ta taƙaita cire kuɗi daga albashi, ta kuma ƙayyade wa'adin sanarwa kafin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara biyar ba, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Ya kamata ɗalibai su sani cewa, ko da yake akwai kotunan shari'ar Musulunci a Jihar Katsina, sashe na 254C ya keɓe rigingimun aiki ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Amfanin hukuncin fiƙihu a nan yana ga fatawa da sulhu, da abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa.

6.0 Auna Cutarwa: Ba Dukkan Ayyuka ne Ɗaya ba

Hujjar mai ɗaukar aiki tana tsayawa ne a kan kare wasu, domin kare ma'aikaci daga zaɓin kansa ba ya cikin abin da ijara ta ba shi. Saboda haka dole a yi tambaya uku kafin a yarda da sharaɗin. Shin cutar tana yaɗuwa ta irin cuɗanyar da aikin ya ƙunsa? Shin waɗanda ake cuɗanya da su raunana ne da ba su da zaɓi? Shin allurar tana rage yaɗuwar cutar zuwa ga wasu, ko kuwa mai ita kaɗai take karewa daga tsananin ciwo?

Ungozoma ko ma'aikaciyar jinya a ɗakin haihuwa na babban asibitin Dutsin-Ma tana kusa ƙwarai da mas'alar mai shayarwa da Halilu ya kawo: hannunta ne kayan aiki, jarirai da masu jego ne a gabanta. Malamin firamare a lokacin da mashaƙo ke yaɗuwa tsakanin yara yana biye mata. Amma ɗan ƙodagon da ke ban-ruwa a lambun tumatir a gefen Zobe, a sarari, shi kaɗai a kan kwali, da wuya a sami cutarwar da za ta halatta a hana shi aiki. Hukunci ɗaya ba ya game waɗannan ukun.

Tambaya ta uku ta nuna muhimmancinta a korona. Bayan bayyanar nau'in Omicron a ƙarshen Nuwamban 2021, ya tabbata cewa alluran suna da ƙarfi wajen hana tsananin ciwo da mutuwa, amma ƙarfinsu wajen hana kamuwa da yaɗawa ya ragu. Ingila ta wajabta allurar ga ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi a Nuwamban 2021, ta soke wajabcin a Maris 2022. A Amurka, Kotun Ƙoli a ranar 13 ga Janairu, 2022, ta dakatar da umarnin da ya game kamfanoni masu ma'aikata 100 ko fiye, a ranar kuma ta bar wanda ya shafi ma'aikatan lafiya. Masanin usulu ba zai yi mamakin wannan ba, domin hukuncin da aka rataya a kan dalili yana tafiya tare da dalilinsa, yana ƙarfi da ƙarfinsa, yana gushewa da gushewarsa.

7.0 Abin da ke kan Wanda Ya Sharɗanta

Muslim ya ruwaito cewa a cikin tawagar Saƙifawa akwai wani kuturu, Annabi (SAW) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. An nisantar da shi, amma ba a hana shi haƙƙinsa ba. A Muwaɗɗa kuma Umar (RA) ya umarci wata kuturwa da ta bar ɗawafi ta zauna a gida don kada ta cutar da mutane. Da malaman Malikiyya suka tattauna wannan babi, kamar yadda Al-Baji ya tattaro a Al-Muntaƙa, wasunsu sun rataya hana kutare cuɗanya da jama'a a kan shugaba ya ɗauki nauyin abincinsu. Idan haka ne ga wanda cuta ta tabbata a jikinsa, to mai lafiyar da ake tsoron kada ya kamu ya fi cancantar sassauci.

Daga nan ake fitar da nauyin da ke kan mai ɗaukar aiki idan sharaɗinsa ya inganta. Ya ba da wa'adi isasshe. Ya ɗauki kuɗin allura da na mota idan akwai, domin shi ya nema. Ya ba da hutu da albashi ga wanda allurar ta kwantar. Ya karɓi uzurin wanda likita ya tabbatar allurar za ta cutar da shi. Ya nemi hanya mafi sauƙi kafin mafi tsanani: sauya wa ma'aikaci wurin zama ko irin aiki, ko takunkumin fuska, kafin a kai ga dakatarwa, dakatarwa kuma kafin sallama. Ya rufe sirrin lafiyar ma'aikacinsa. Idan an kai ga rabuwa, ya biya duk abin da aka riga aka cancanta ba tare da ragi ba. Hadisin Abu Zarri (RA) a kan masu hidima ya hana ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, ya kuma yi umarni da taimaka musu idan an ɗora.

Akwai kuma nauyin bayani, wanda tarihin Arewa ya ƙara wa muhimmanci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Daga cikin kimanin yara 200 da aka sa a gwajin, 11 sun rasu, kuma rigimar ta kai ga sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. Wannan yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙauracewa allurar shan-inna a 2003, wadda Kano ba ta dawo da ita ba sai a Yulin 2004, bayan an samo allura daga Indonesiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya dawo da amincewar jama'a shi ne shigowar sarakuna da malamai ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a ranar 25 ga Agusta, 2020. Ma'aikacin da ke ɗari-ɗari da allura ba lallai ne jahili ko mai taurin kai ba. Yana da haƙƙin a kawo masa likitan da ya amince da shi, a amsa tambayoyinsa, kamar yadda shi ma yake da nauyin kada ya yaɗa jita-jitar da bai tabbatar ba, domin Suratul Hujurat ta yi umarni da bincika labari kafin a yi aiki da shi.

8.0 Kammalawa

Bahasin ya nuna cewa allurar riga-kafi halal ce, kuma tana iya zama wajibi a kan mutum tsakaninsa da Allah idan barinta zai cutar da wasu. Ikon wajabta ta a kan jama'a na hukuma ne, bisa maslaha da shawarar masana. Mai ɗaukar aiki yana da ikon sharɗanta ta kafin ƙulla aiki, yana kuma da ikon nisantar da wanda bai yi ta ba daga wurin da cutarwarsa ta tabbata, amma ba ya da ikon taɓa jikin ma'aikaci, ko riƙe ladan da ya riga ya cancanta, ko ƙirƙiro sharaɗi a tsakiyar yarjejeniya ba tare da doka ko cutarwa tabbatacciya ba. Ya dace masu ɗaukar aiki a Dutsin-Ma da Kurfi, musamman masu asibitoci da makarantu, su rubuta sharuɗɗan lafiya a takardar ɗaukar aiki tun farko, domin ayar bashi a Suratul Baƙara ta koyar da cewa rubutu shi ne mafi kusa da kawar da shakka. Ya dace kuma malamin da aka kawo wa irin wannan ƙara ya tambayi irin aikin, da irin cutar, da lokacin da aka sanya sharaɗin, kafin ya ba da fatawa. Allah shi ne mafi sani.